Masarar Kala a Buhun Gwauraye

Saura kaɗan in bar wannan magana a cikina. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma gidan da zan yi magana a kansa gidan aurena ne, a wata unguwar Kirista da ke bayan Dangora. Sunan surukaina ba ya fita a bakina, shi ya sa na ara musu wasu. Abin da ban gani da idona ba, Inna Baturiya ce ta faɗa mini.

Tun da aka binne Mudi gonarsa ta koma hannun wansa Gwadabe, matarsa Baturiya kuma ta ci gaba da zama a ɗakinta na ƙuryar gida, kusa da turken awaki. 'Yarta ɗaya tilo da ta rage tana aure can ƙasar Doguwa, ita ma da ƙyar suke ci. A bakin kabari Gwadabe ya ɗaga murya ya ce muddin yana numfashi matar ƙaninsa ba za ta kwana da yunwa ba. Jama'a suka ce amin. Ba wanda ya yi shakka, domin Gwadabe dattijon ikilisiya ne. A hannunsa ake ajiye hatsin godiyar kaka, wanda masu bi suke kawowa coci kowace shekara don a raba wa gwauraye da marayu. Cocin ba ta da ɗakin ajiya, sai a jibge buhunan a wani ɗaki da ke cikin zaurensa.

Da farko kwanon Baturiya cike yake zuwa. Daga baya malmala biyu ta koma ɗaya, ɗayar ma ta riƙa ƙanƙancewa, miya ta koma ruwan da aka ɗauraye tukunya. Asabe matar Gwadabe, uwar mijina, ita ke awo, ita ke rabo. Ranar da kwanon bai zo ba sam, Baturiya ta jira har aka gama wanke-wanke, sannan ta je ta tsuguna kusa da ita.

"Yaya, yau ba a kai mini ba."

"Au, ba a kai ba? Yaran nan sai a hankali." Asabe ba ta ɗago ba, tana ta tsinke yakuwa. "Ni ma na ɗauka kin ci a taron Zumuntar Mata. Ku gwauraye ai kun fi mu daɗi, coci ta ba ku, gida ya ba ku."

"Coci ba ta taɓa ba ni ko ƙwaya ba, Yaya."

"To wannan maganar dattawa ce, ba na shiga."

Ranar da Zumuntar Mata ta tashi daga addu'a, Baturiya ta yi ta jan ƙafa har sauran mata suka watse. Ta tarar da Mama Hannatu, matar Fasto, tana naɗe tabarmi. Ta gaishe ta, ta taya ta naɗe guda, sannan ta ce a hankali, "Mama, in ana rabon gwauraye ni ba a kirana."

Mama Hannatu ta yi dariya. "Haba Baturiya, ke da kike gidan Dattijo? Shi da bakinsa ya faɗa a zaman dattawa a bar ki, a ba waɗanda ba su da kowa. Ya ce abin kunya ne gwauruwar gidansa ta miƙa ƙwarya a gaban jama'a. Har Fasto ya yaba masa." Sai ta tsaya ta dube ta da kyau. "Ko akwai wata damuwa?"

Baturiya ta dubi tabarmar da ke hannunta. Gidan nan ta shigo tana yarinya, a nan ta haihu, a nan ta binne 'ya'ya.

"Babu komai, Mama."

Da yamma ta sami Gwadabe a zaure yana gyara fitilar hannu. Ta durƙusa a bakin ƙofa ta ce, "Yaya, ina son a riƙa sa ni cikin rabon coci."

Ya ɗago ya dube ta.

"Wa ya aiko ki?"

"Ba kowa."

"Ba kowa. Baturiya, dubi gidan nan. Dubi rumbuna, dubi shinkafar fadama. Ubangiji ya sa mana albarka, kowa ya shaida. Kina so a ce a cikin wannan albarka akwai mai kukan yunwa? In mutum yana tsakiyar alheri shi kaɗai bai ƙoshi ba, sai ya binciki zuciyarsa." Ya hura gilashin fitilar ya goge da bakin riga. "Mudi ya tafi. Yaranki maza sun tafi. Ni ban ce komai ba, amma mutum yakan tambayi kansa. Ki ƙara azumi da addu'a."

Ta ce, "To, Yaya."

Kaka ta yi, aka fara karyar masara. Baturiya ta ɗauki tsohon buhu ta bi bayan masu girbi zuwa gonar Alhaji Ja'afar, wani manomi Musulmi da ke iyaka da unguwar. Kala al'ada ce tun tana yarinya: in mai gona ya kwashe nasa, abin da ya faɗi tsakanin kunyoyi na tsofaffi ne da marasa ƙarfi. Ta kuma sha jin Fasto yana cewa Maganar Allah ma ta hana mai gona ya share gonarsa tas. Don haka ba ta ɗauki kanta mai roƙo ba. Tana tafe a sunkuye tana ɗaga kara da ƙafa, tana cewa, "Ubangiji, ka sa masu girbi mantuwa saboda ni." In ta sami zangarniya mai kyau kwance ƙarƙashin ganye sai ta ce, "Na gani, Uba, na gode."

A nan ta saba da Kaltume, wata Bafulatana da rugarsu ke bayan gonar. Kaltume ke faɗa mata gonar da aka gama, da wadda za a saki shanu a cikinta.

"Gobe ki fara da ta gindin ɗorawa, kafin namu su shiga. Shanu ba su san gwauruwa ba."

"Allah ya saka miki."

"Amin. Amma ke ba gidan babban mutumin cocinku kike ba?"

"Can nake."

Kaltume ta yi mata kallon sama da ƙasa. Ta buɗe ƙwarya ta zuba mata nono a murfi.

Ba a daɗe ba maganar ta isa kasuwar Yako. Gwadabe yana tsaye wajen masu taki sai Alhaji Ja'afar ya miƙa masa hannu a gaban mutane. "Dattijo, ina gajiya? Na ga matar marigayi a gonata. Na ce wa yara su riƙa sassauta hannu, su bar mata da ɗan dama. Ai maƙwabtaka ta wuce haka." Wani daga gefe ya ce, "Ashe gidan Dattijo ma ana kala."

Gwadabe ya dawo bai ko kafe babur da kyau ba ya shigo tsakar gida.

"Baturiya, fito. A gonar Musulmi? A gonar Musulmi za ki je ki tsuguna kina tsintar ƙwaya kamar kaza? Kin san abin da za su ce? Za su ce Kirista ba sa riƙe nasu. Ba ni kika tozarta ba, sunan Almasihu kika tozarta."

"Yunwa nake ji, Yaya."

"Ana ba ki ko ba a ba ki?"

Ta dubi Asabe, wadda ke tsaye bakin madafa da ludayi.

"Ana ba ni."

"To daga yau kada in sake jin ƙafarki a gonar wani."

Kwana biyu kwanon ya zo da malmala biyu. Daga nan ya koma yadda yake.

Baturiya ta koma kala a ɓoye. Takan fita ta ɓarakar danga da igiya a hannu, wai za ta yo wa awaki ciyawa, ta dawo da masara a tsakiyar ƙunshin. A ɗaki take ɓare ta da yatsa, ta zuba a wata tsohuwar tukunyar ƙasa da ke ƙarƙashin gado. Ba ta isa ta kai niƙa ba, ba ta isa ta taɓa turmi ba, don za a ji. Sai ta jiƙa kaɗan ta dafa a gwangwani kan garwashin da ta ce na jin ɗumi ne. Sauran tana tarawa saboda bazara, lokacin da gonaki za su zama fili, ba abin tsinta. Haƙoranta ba su da ƙarfi, masarar kuma ba ta nuna sosai, cikinta ya riƙa murɗawa. Zaninta da take ɗaurawa sau ɗaya ya koma zagaye biyu.

Gidan ya fara sa mata ido. Asabe takan wuce ta ƙofar ɗakin ta tsaya tana shinshina.

"Ƙanshin me nake ji?"

"Garwashi ne, Yaya."

"Garwashi mai ƙanshin masara."

Aka sa wa madafa kwaɗo. In Baturiya ta fito zagayawa, sai ta ga wani jika ya bi ta a baya ya tsaya yana wasa da ƙasa. In ta doshi zaure hira takan mutu. Wata rana kaza ta ɓata, aka yi ta cigiya a daidai ƙofarta, da kazar ta fito daga bayan rumbu ba wanda ya ce mata sannu.

A makon ne 'yan ƙodago suka zo yankan shinkafar Gwadabe, mutum ya fi goma, ana yi musu abinci safe da rana. Baturiya na dawowa daga rijiya ta ga ɗakin zaure a buɗe, Asabe na ɗibar masara daga buhun coci tana zubawa a daro. Suka haɗa ido.

"Aro ne," in ji Asabe. "Tamu ba ta gama bushewa ba. In an sussuka za a mayar."

"Ban ce komai ba, Yaya."

"Na ga idonki ne."

Washegari ma aka ɗiba, da jibi.

Ranar Juma'a Fasto ya aiko cewa Lahadi za a yi rabo, a kai buhuna coci ranar Asabar. Gwadabe ya shiga ɗakin zaure ya fito fuska a ɗaure. Buhu ɗaya ya saki, ya kusa rabi. Ya tsaya a tsakar gida yana magana da ƙarfi, ba ya duban kowa.

"Hatsin Allah. Hatsin marayu. A gidana."

Asabe ta ce, "Ɗan abin da aka ara wa 'yan ƙodago bai kai haka ba. Ni dai na daɗe ina jin ƙanshi daga ƙurya."

Ba su nemi izini ba. Gwadabe ya ɗaga labule, Asabe ta durƙusa ta leƙa ƙarƙashin gado, ta jawo tukunyar. Ta kusa cika. Aka fito da ita tsakar gida aka ajiye, yara suka kewaye, ni ma ina tsaye a gefe.

"Ta kala ce, Yaya," in ji Baturiya. "Dubi, ga fara ga ja, ga ƙanana, duk a gauraye."

"Ta coci ma a gauraye take. Kowa da irin da ya kawo."

"A tambayi Kaltume ta ruga. Ita ke nuna mini gonaki."

"Bafulatana ce za ta zo ta yi shaida a kan hatsin ikilisiya?" Ya tako kusa da ita ya rage murya. "Saurara. In kala ce, kin karya maganata. In ba kala ba ce, kin saci na Allah. Zaɓi ɗaya."

Baturiya ta juya wajen Asabe. "Yaya, ke kin sani."

"Na san me?"



"Ba zan kai ki gaban dattawa ba," in ji Gwadabe, "saboda darajar Mudi. Ubangiji mai jinƙai ne, mu ma za mu yi jinƙai. A mayar wa Allah abinsa, magana ta mutu a gida."

Shi da kansa ya ɗauki tukunyar ya kai zaure. Daga inda take tsaye Baturiya ta ji zubar masarar cikin buhu, ta ji yana bubbuga gindin tukunyar don kada ƙwaya ta maƙale. Buhun ya tashi tsaye. Aka ɗinke bakinsa.

Ranar Lahadi coci ta cika har waje. Aka jera buhuna a gaban bagade, inda Fasto ke tsayawa, da kabewa da rake da kaji a ɗaure. Baturiya ta zauna a bencin baya na ɓangaren mata, ta jingina da bango saboda jiri. Fasto ya ba Gwadabe dama ya yi gargaɗi kafin rabo. Ya yi magana mai daɗi. Ya ce Allah ba ya manta matalauci, kukan gwauruwa yana isa kunnensa kafin na sarki. Ya ce duk wanda ya buɗe hannu ga mabuƙaci, Ubangiji zai buɗe masa taskar sama, shi kansa shaida ne. Mata suka yi ta cewa amin. Baturiya ma ta ce amin, domin ta yarda da kowace kalma.

Aka fara kiran gwauraye ɗaya bayan ɗaya. Kowace ta fito da ƙwaryarta ta durƙusa, Gwadabe ya auna mata, ta ce Allah ya ƙara albarka. Da aka zo kan buhun nan, Baturiya ta ga masararta tana gangarowa daga bakin mudu, ƙanana da jajaye, har da ɗan jan ƙasar gonar gindin ɗorawa. Wata tsohuwa makauniya mai suna Laraba ce ta karɓi mudun farko, ta shafa da hannu tana murmushi. Baturiya ba ta ji haushin Laraba ba. Ta san ita ma ba ta da kowa.

Da aka gama Fasto ya ce, "Akwai mai shaida?"

Baturiya ba ta taɓa tsayawa a gaban jama'a ba. Ta dafa benci ta miƙe.

"A yabi Ubangiji."

"Halleluya," in ji jama'a, ana waiwaye.

"Ina gode wa Allah. Ya sa masu girbi mantuwa saboda ni, ya ciyar da ni a gonar da ban shuka ba. Ban taɓa zaton ina da abin ba wani ba. Yau ga shi masarar da na tsinta da hannuna an raba wa 'yan'uwana. Abin da nake roƙo kawai..."

Asabe ta ɗaga waƙa daga bencin gaba. Muryarta mai ƙarfi ce, ita ke ba da waƙa a Zumunta. Mai tulu ya kama, mai kacau-kacau ya bi, coci ta ɗauka. Bakin Baturiya yana motsi, ba a jin komai. Wata mata ta ja zaninta a hankali ta zaunar da ita.

A bakin ƙofa bayan an tashi, Gwadabe yana gaisawa da mutane yana girgiza kai. "Ku sa ta a addu'a. Tun rasuwar Mudi kanta ba daidai yake ba. Muna iya ƙoƙarinmu." Mutane suka ce Allah ya ba shi ladan haƙuri. Mama Hannatu ta tsaya daga nesa tana kallon Baturiya, kamar za ta zo, sai aka kira ta wajen baƙi.

Ran nan an yi shinkafa da kaza a gidanmu saboda godiya. Ni na dafa. Mama Asabe ta raba, ta kulle madafa, ta ɗaure makulli a bakin zani. Ba a kai komai ƙurya ba. Ta ce wadda ta iya tsayawa a coci ta tona gida, ta iya ciyar da kanta. Kafin rana ta faɗi na wuce ta bayan ɗakin Inna Baturiya zan ba awaki ruwa, na ji tana addu'a. Ba ta kai ƙarar kowa ba. Cewa take, "Uba, an gama girbi, shanu sun shiga gonaki. Ka nuna mini inda ka ajiye mini."

Ban ga wanda ya daki Inna Baturiya ba, ban ji wanda ya kore ta ba. Coci ta bar ta don tana gidan mai albarka, gida ya bar ta don ana cewa coci na kula da gwauraye, kowa kuma yana barci da zuciya ɗaya. Mun iya waƙar tausayin Allah, mun iya aunawa da mudu a gaban bagade inda za a gani. Matar da ke taku kaɗan daga murhunmu kuwa sai da Bafulatana da Alhaji suka lura da ramarta kafin mu. Da ta buɗe baki aka ce ba ta da hankali, kuma haka za a ci gaba da cewa muddin ita kaɗai ke faɗa. Duk wanda ya san gaskiya a gidan yake ci, a gidan yake kwana. Ni ma haka.

Washegari da safe Mama Asabe ta ba ni makulli in dama koko. Na dama, na zuba nawa a kofi, na ratsa tsakar gida da shi a gaban idonta na kai ƙurya. Ta kira sunana, na ce ina zuwa. Na jira Inna Baturiya ta shanye. Daga nan na ɗauki mayafi na fita ta zaure, na durƙusa na gaida Baba Gwadabe, ya tambaye ni ina za ni da sassafe, na ce gidan Fasto.

Na sami Mama Hannatu tana shara. Na gaishe ta, ta amsa, ta tsaya tana jira, don ta san ban cika magana ba.

Na ce, "Mama, Inna Baturiya lafiyarta ƙalau. A gidanmu ne ba a ba ta abinci. Masarar da aka raba jiya kuma tata ce, a gabana aka ƙwace."

Ta jingine tsintsiya a bango. Ta ce, "Za ki iya maimaita wannan a gaban surukinki?"

Na ce zan iya.

Ta leƙa ɗaki ta ce wa Fasto ya fito, ta ɗauko mayafinta, muka kama hanyar gida mu uku.